Tambayoyi da amsoshi kan shafukan gwamnati a intanet: takardu, biyan kuɗi da tanadi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu neman fasfo, masu gyaran NIN, ɗalibai, ma'aikata da 'yan kasuwa a Najeriya. Hukumomi na sauya farashi lokaci zuwa lokaci, saboda haka adadin da shafin hukuma ya nuna a ranar da za a biya shi ne abin bi.

1. Waɗanne ayyuka ake gamawa ta waya, waɗanne ne sai an je ofis?

Duk aikin da ke buƙatar ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, sai ka kai kanka: rajistar NIN ta farko, BVN, sabon fasfo, lasisin tuƙi da katin zaɓe. A irin waɗannan, aikin shafin shi ne cike fom, biyan kuɗi da zaɓar ranar zuwa. Yana rage tsayuwa a layi da hulɗa da 'yan tsakani, amma ba ya ɗauke maka zuwan.

Waɗanda ake farawa a kuma gama ba tare da taka ƙafa ba sun haɗa da rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, yawancin gyare-gyaren NIN, neman bashin karatu na NELFUND, duba asusun fansho, da biyan kuɗin hukumomin tarayya ta shafin biyan kuɗi na Remita.

2. Ta yaya zan gane shafin gwamnati na gaskiya?

Duba ƙarshen adireshin, wato abin da ke zuwa kafin layin karkace na farko. Shafukan gwamnatin Najeriya suna ƙarewa da .gov.ng, kuma ba kowa ake ba wannan ƙarshen ba, sai hukumar gwamnati da NITDA, mai kula da fasahar sadarwa ta ƙasa, ta tantance. Misali: nimc.gov.ng, immigration.gov.ng, cac.gov.ng, dmo.gov.ng, pencom.gov.ng, jamb.gov.ng. 'Yan damfara sun san mutane na neman "gov" da ido, shi ya sa suke cusa shi a tsakiyar adireshi su ƙare da .com ko .xyz ko .site. Tambarin mikiya da dawakai da kore-fari-kore ba shaida ba ne, kowa na iya kwafa. Hoton kwaɗon da ke gefen adireshi ma yana nuna cewa hanyar a rufe take ne tsakaninka da shafin, bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne.

Akwai 'yan kaɗan na gaskiya da ba su ƙare da .gov.ng ba: INEC tana amfani da inecnigeria.org, shafin rajistar masu yi wa ƙasa hidima yana ƙarewa da nysc.org.ng, Remita kuma remita.net ne. A rubuta adireshin da hannu ya fi a latsa wanda aka turo ta WhatsApp ko Facebook. Idan a Google aka nema, a tsallake na saman nan da aka yi wa alamar talla, domin mai kuɗi ne ya saya wa kansa wurin.

3. Me zan tanada kafin in fara cike kowane fom?

Abu huɗu, kuma dukkansu su zama naka na kanka: lambar NIN mai lamba 11, layin waya da aka yi rajistarsa da wannan NIN ɗin, adireshin imel da ka san kalmar sirrinsa, da asusun banki mai BVN. Wanda ya manta NIN ɗinsa ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi. BVN kuma *565*0#. Ana cire ɗan kuɗi a kati a kowane kira.

Takardun da za a ɗora a ɗauke su hoto tun kafin a buɗe shafin, a shimfiɗe, cikin haske, kusurwa huɗu na fitowa. Shafuka da yawa suna ƙayyade nauyin hoto, kuma hoton da wayoyin yanzu ke ɗauka yakan wuce iyakar, sai a rage shi tukuna. Dalilin yin shiri da wuri shi ne shafin yakan fitar da mutum idan ya daɗe bai taɓa komai ba, a dawo a tarar duk abin da aka rubuta ya goge.

4. Me ya sa shafi ke cewa bayanaina ba su dace ba, alhali sunana ne?

Wannan ita ce uwar matsalolin. Shafukan yanzu ba sa karɓar abin da ka rubuta kawai, suna kwatanta shi da abin da ke rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, wani lokaci har da na BVN. Kwamfuta ce ke kwatantawa, harafi da harafi. A wurinta Muhammad da Mohammed da Muhammed mutum uku ne. Haka Aisha da Aishatu da A'isha, haka Abdullahi da Abdullah, haka Abdulrahman da Abdurrahman. Sunayenmu masu ɗauri a tsakiya, irin su Sa'adatu, Mu'azu da Ja'afar, suna da tasu matsalar: wani ma'aikaci ya sa ɗaurin, wani ya cire, wani ya bar fili a wurinsa.

Sai jerin suna. Fom ɗin yana neman sunan iyali, abin da ba lallai Bahaushe yana da shi ba. Mutum ɗaya a makarantar firamare an rubuta shi da sunan mahaifi, a sakandare an ƙara sunan gari kamar Gumel ko Funtuwa, a banki an sa sunan kaka a gaba. Mace kuma tana iya samun sunan mahaifi a takardun makaranta, sunan miji a banki. Ranar haihuwa ma haka: wanda bai riƙe ranarsa ba sau da yawa an sa masa 1 ga Janairu a wani wuri, wata ranar daban a wani wurin.

Maganin shi ne a ajiye takardar NIN, bayanan BVN, takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa a jere, a ga inda suka saɓa. Sannan a zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke kan takardun da suka fi wuyar canzawa, yawanci na makaranta, a mayar da sauran su bi shi. Ana gyara BVN a reshen banki, NIN kuma ta hanyar da ke tambaya ta 5. A gama wannan kafin a biya kuɗin fasfo ko na jarrabawa, domin kuɗin da aka biya kan bayanai marasa daidai da wuya ya dawo.

5. Yaya ake gyara suna ko ranar haihuwa a NIN?

NIMC tana da shafin gyara da kanka, ana shiga ta nimc.gov.ng. Za a buɗe asusu da imel da lambar waya, a sa NIN, shafin ya kunna kyamara ya kwatanta fuskarka da hoton da ke rumbu, sannan a zaɓi abin da za a gyara: suna, ranar haihuwa, adireshi ko lambar waya. Gyaran suna yakan buƙaci takardar rantsuwa ta kotu, wani lokaci da sanarwar jarida ko takardar aure. Gyaran ranar haihuwa yana buƙatar takarda daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma shi ya fi tsada nesa ba kusa ba: tun 2025 ya haura Naira 28,000, alhali sauran gyare-gyare 'yan dubbai ne.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tantance fuska. A tsaya inda haske ke dukan fuska ta gaba, a cire tabarau da hula, mace ta gyara hijabi yadda goshi da haɓa za su fito. Asusun kuma yakan maƙale da wayar da aka buɗe shi da ita, wanda ke nufin idan a kwamfutar kafe aka buɗe, komawa ciki daga wayarka zai iya gagara. Bayan an amince da gyara, a jira 'yan kwanaki kafin a koma shafin fasfo ko na JAMB, don sabon bayanin ba ya isa ga sauran hukumomi nan take. Rajistar NIN ta farko kyauta ce a ƙa'ida.

6. Mene ne RRR, kuma me ya sa ba a tura kuɗi asusun hukuma kai tsaye?

Tun 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta wa hukumominta zuba kuɗin shiga a asusun bai-ɗaya da ke Babban Banki, wato TSA. Remita na cikin hanyoyin da kuɗin ke bi. RRR lamba ce mai lamba 12 da ake fitarwa don biya ɗaya, ɗauke da sunanka, sunan hukumar, aikin da kake biya da adadin kuɗin. Da ita za ka iya biya da katin ATM a shafin, ko ta manhajar bankinka, ko ka kai ta kowane reshen banki.

A fitar da RRR daga cikin shafin hukumar da kake wa aiki idan tana da wannan hanyar, domin a lokacin ne lambar ke haɗe da fom ɗinka. Wanda ya je Remita ya ƙirƙiro tasa da hannu yana iya zaɓar hukuma daidai amma aikin da ba shi ba, kuɗi ya shiga, fom ya ci gaba da cewa ba a biya ba. Babu hukumar tarayya da ke karɓar kuɗin aiki a asusun wani mutum. Duk wanda ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum ya ce ta ofis ce, ka riƙe kuɗinka.

7. An cire min kuɗi amma shafin yana nuna ban biya ba. In sake biya?

A'a, ba yanzu ba. Da farko a duba matsayin RRR ɗin a shafin Remita. Idan ya nuna an biya, kuɗin ya isa, saƙon ne bai koma shafin hukumar ba. A nan sai a nemi maɓallin sake tantance biya da yawancin shafuka ke da shi, ko a fita a sake shiga bayan 'yan awanni. Idan kuwa RRR ya nuna ba a biya ba, kuɗin yana hannun banki, kuma ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta ce a mayar da kuɗin cinikin intanet ko POS da ya gaza cikin awa 72.

In lokacin ya wuce, a kai ƙorafi a rubuce ga banki, a karɓi lambar ƙorafi. Bayan mako biyu ba a warware ba, ana iya kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, CBN. A ajiye saƙon alat, rasit da hoton fuskar wayar mai nuna rana da lokaci. Biya sau biyu shi ne mafi wahalar warwarewa, saboda kuɗin da ya riga ya shiga TSA fito da shi sai da takardu da dogon jira.

8. Yaya ake neman fasfo ta intanet, kuma nawa ne?

Ana shiga ta immigration.gov.ng, a zaɓi sabon fasfo ko sabuntawa, a sa NIN. Shafin zai jawo suna da ranar haihuwa daga NIMC da kansa, ba a gyara su a nan, shi ya sa tambaya ta 4 ke gaba da wannan. Sai a ɗora hoto mai farin bango, takardar haihuwa ko ta shaidar shekaru, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yaro yana buƙatar takardar amincewar iyaye, wanda fasfonsa ya ɓata kuma rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa. A zaɓi ofishin da za a je, a biya, a zaɓi ranar ɗaukar hoto da yatsu, a buga takardun a riƙe su tare da na asali.

Daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar Naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma Naira 200,000. Masu nema daga ƙasashen waje, kamar mazauna Saudiyya ko Ghana, suna biyan dala 150 ko dala 230, su je ofishin jakadanci. Maniyyaci ya lura: ana son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare a lokacin tafiya, don haka kada a bari sai an fara biza. A zaɓi ofis da hankali kuma, domin sauya shi bayan an biya ba abu ne mai sauƙi ba.

9. Ban iya kwamfuta ba. Laifi ne in ba mai kafe ya yi min?

Ba laifi ba ne, kuma masu kafe da yawa sun san hanyar fiye da kowa. Sharaɗin shi ne ka zauna kusa da shi, kuma imel da lambar wayar da za a sa su zama naka. Abin da ke faruwa kullum shi ne mai kafe ya sa nasa imel don sauri. Bayan shekara biyu kana son sauya kalmar sirri ko karɓar saƙon hukuma, shago ya tashi, yaron da ya yi aikin ya bar gari. Ɗaliban JAMB sun fi kowa shan wannan wahala, domin layin da aka tura NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 shi ne ke manne da ɗalibi har zuwa ɗaukarsa a makaranta.

Kafin a latsa turawa, a karanta maka kowane layi ko ka karanta da kanka. Ka rubuta kalmar sirri a takarda ka tafi da ita, ka sauya ta daga baya. Ka sa a fita daga asusun a gabanka, a goge hotunan takardunka daga kwamfutar. Lambar sirrin katin ATM da lambar da banki ke turowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa su, ko da shi ke cike fom ɗin. In biya ya zo, ka karɓi RRR ka biya da kanka.

10. Zan iya yi wa kasuwancina rajista ba tare da lauya ba?

Za ka iya, musamman sunan kasuwanci na mutum ɗaya ko abokan tarayya. A shafin CAC za ka buɗe asusu da NIN, ka gabatar da sunan da kake so. In ba wanda ya riga ka, za a riƙe maka shi na kwana 60. A cikin wannan lokaci ka cike irin sana'ar, adireshin shago da bayanan masu shi, ka ɗora hoto da sa hannu, ka biya. Takardar shaida tana zuwa ta cikin asusunka, kai za ka sauke ka buga. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kuma ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Rajista ba ta ƙare a ranar karɓar takarda. Akwai rahoton shekara-shekara da ake shigarwa, wanda ya bari ya taru tara na hawa kansa, shafin kuma ya nuna kasuwancin ba ya aiki, abin da banki ko mai ba da kwangila zai gani in ya bincika.

11. Gwamnati tana da wurin ajiya da ƙaramin mai kuɗi zai iya shiga?

Tana da shi. Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya fara sayar da takardun lamunin tanadi na gwamnatin tarayya a Maris 2017. Ma'anarsa kai ne ke ranta wa gwamnati kuɗi na shekara biyu ko uku. Mafi ƙaranci Naira 5,000 ne, ana ƙarawa dubu-dubu har zuwa miliyan 50. Ana buɗe sayarwa kowane wata, yawanci Litinin zuwa Juma'a ta makon farko, kuma DMO na wallafa ribar wannan watan a dmo.gov.ng. Ana biyan ribar duk wata uku, uwar kuɗi kuma ta dawo a ƙarshen wa'adi. A matsayin misali kawai, in ribar kashi 16 ce a shekara, mai Naira 100,000 zai riƙa samun 4,000 duk wata uku.

Ba DMO ake tura wa kuɗi ba. Ana saye ta hannun kamfanonin dillancin hannun jari da ofishin ya amince da su, jerin sunayensu yana shafinsa. Dillalin zai buɗe maka asusun CSCS, inda ake rubuta mallakarka, da BVN da shaidar adireshi. Wanda buƙata ta taso masa kafin wa'adi zai iya sayarwa a kasuwar hannun jari ta hannun dillalin, sai dai farashin ranar na iya gaza abin da ya saya, kuma ba kullum ake samun mai saye da wuri ba. A kuma auna ribar da tsadar kaya: in farashi na tashi fiye da ribar, adadin kuɗin ya ƙaru amma abin da zai saya ya ragu. Wannan takarda kuɗin ruwa take biya ƙarara. Wanda ba ya so ya duba tambaya ta 12.

12. Ba na ta'ammali da kuɗin ruwa. Akwai abin da ya dace da ni?

Akwai uku. Na farko Sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a Satumba 2017 na Naira biliyan 100 da wa'adin shekara bakwai. An gina shi kan ijara: kuɗin masu saye ake gina hanyoyi da su, gwamnati tana biyan haya duk wata shida. Majalisar masana da ke ba Babban Banki shawara kan harkar kuɗi ta Musulunci ce ke tantance shi. Mafi ƙaranci Naira 10,000 ne. Ba kowane wata ake sayarwa ba, kuma in an buɗe kwanaki kaɗan ne, saboda haka wanda ke so ya buɗe asusun CSCS tun kafin sanarwa. Ayyuka masu allunan "Sukuk" da ake gani a gefen manyan hanyoyi, ayyukan wannan kuɗin ne.

Na biyu adashin gata na aikin Hajji, wanda NAHCON ta ƙaddamar a Kano a 2020 tare da bankin Jaiz. Mutum yana zuba abin da ya samu a hankali har ya kai kuɗin kujera, ana juya kuɗin ta hanyar halal a raba riba. Na uku asusu na shida a tsarin fansho, wanda PenCom, hukumar da ke sa ido kan fansho, ta amince da shi a 2021 don masu son a juya fanshonsu ba tare da ruwa ba. Ba a mayar da kowa can kai tsaye, sai ka rubuta wa kamfanin fanshonka ka nema.

13. Yaya zan san ko ana zuba min kuɗin fansho?

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kuɗin ba ya wurin PenCom, yana asusunka da kamfanin fansho ke kula da shi, mai lamba da ke farawa da PEN. A sauke manhajar kamfanin, a duba wata-wata a kwatanta da takardar albashi. Ganin an cire a albashi ba ya nufin an zuba. In watanni sun yi giɓi, a fara da ofishin albashi, in ba a gyara ba a rubuta wa PenCom da takardun albashin a haɗe.

Wanda ya buɗe asusu kafin Yuli 2019 yana buƙatar sabunta bayanansa da NIN a kamfaninsa, in ba haka ba ranar karɓar kuɗi za a tsaya. Tun Nuwamba 2020 ana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba yana iya neman kashi 25 na abin da ke ciki. Tela, direba ko mai shago ma na iya buɗe nasa a tsarin masu sana'ar kansu da aka fara a 2019. Ma'aikatan jiha su tambayi ofishinsu tukuna, domin jihohi kamar Kano da Jigawa suna da nasu tsarin na daban.

14. Kuɗin NHF da ake cirewa a albashina fa?

Kashi 2.5 ne, yana tafiya asusun gidaje na ƙasa da bankin FMBN ke riƙewa bisa dokar 1992. Ana duba abin da ya taru a shafin bankin da lambar NHF ɗinka. Wanda ya yi wata shida yana zubawa ya cancanci neman bashin gida mai ruwa kashi 6, ta hannun bankin ba da lamunin gidaje. Wanda bai ci bashi ba ana mayar masa da kuɗinsa in ya yi ritaya, amma sai ya nema, ba ya zuwa da kansa.

15. Manhajojin ajiya da ke alƙawarin riba mai yawa, ta yaya zan tantance su?

Nan ne shafukan gwamnati suka fi amfani ga mai tanadi. Bankuna da ƙananan bankuna masu lasisi suna jere a cbn.gov.ng, masu juya kuɗin jama'a kuma a sec.gov.ng. A nemi sunan kamfanin da ke bayan manhajar, ba sunan manhajar kaɗai ba. Takardar CAC da suke nunawa shaidar rajistar suna ce kawai, ba izinin karɓar ajiya ba. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX a Afrilu 2025, kuma salon ɗaya ne: riba mai kauri cikin wata guda, da lada ga wanda ya kawo wani. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ajiyar da ke banki mai lasisi tana da inshorar NDIC, hukumar inshorar ajiyar bankuna. Tun 2024 iyakar Naira miliyan 5 ce ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki. Lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a Yuni 2024, NDIC ta yi amfani da BVN ta gano asusun mutane a wasu bankuna ta tura musu. Waɗanda sunansu ya saɓa ko ba su da wani asusun sai da suka bi doguwar hanya.

16. An turo min saƙo cewa in cike fom na tallafin gwamnati. Gaskiya ne?

Auna shi da tambaya ta 2. Sannan ga alamu uku da ba sa kuskure: an ce ka tura wa rukuni biyar ko mutum goma sha biyar kafin ka ci gaba, an ce ka biya kuɗin rajista, ko an nemi lambar katin ATM da lambar da banki ya turo. Shirin gwamnati na gaskiya yana iya neman NIN da BVN da lambar asusu, amma ba ya buƙatar abin da ake cire kuɗi da shi.

NELFUND misali ne na yadda na gaskiya yake. An buɗe shafinsa a Mayu 2024 a nelf.gov.ng, nema kyauta ne, bashin ba shi da ruwa. Ana neman lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibi. Kuɗin makaranta yana tafiya ga makarantar kai tsaye, na kashewa Naira 20,000 a wata yana shiga asusun ɗalibi, biya kuma yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. In shafin bai gane ka ba, yawanci makarantarku ce ba ta ɗora sunanka ba ko ta ɗora da kuskure, sai a je ofishin harkokin ɗalibai.

17. Wayata ta ɓace da layin da na yi duk rajistar nan. Me zan fara yi?

A fara da banki: a kira ko a je a rufe hanyar cire kuɗi ta waya, domin da layin kaɗai ɓarawo na iya gano BVN ya gwada shiga asusu. Sai a je ofishin kamfanin layin da NIN a toshe tsohon a karɓi sabon kati mai lamba ɗaya. Bayan nan a sauya kalmar sirrin imel, a fitar da tsohuwar wayar daga cikinsa. Muddin lambar ta dawo hannunka, saƙonnin NIMC, JAMB, fansho da na dillalinka za su ci gaba da zuwa kamar da.

Wanda ya yanke shawarar barin lamba gaba ɗaya ya bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya ya sauya ta tun tana aiki: NIN, BVN, kowane banki, kamfanin fansho, asusun CSCS, CAC. Layin da aka bari watanni ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi ga wani, kuma sabon mai shi ne zai riƙa karɓar alat ɗinka da lambobin shigarka. A sa wa katin layi lambar sirri ta kansa daga saitin waya, yadda in an cire shi an sa a wata wayar ba zai buɗe ba.